Wilin gaban CB175 zai hau CD175 na Baba?

BabanIlham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Akwai Honda CD175 na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya kusa shekara ashirin a jingine a zaure. Bara na fito da shi, inji ya tashi, an sake wayarin, an wanke tanki. Birkin gaba ne ya gagara. Durom, wato kwanon cikin wili da birki ke gogawa, ya cinye har ya yi kwari, ga kuma tsaga kusa da ramukan sifok. Ko na matse hannun birki ya taɓa roba, babur tafiyarsa yake yi. Jiya a kasuwar Fanteka ta Kaduna na ga cikakken wilin gaba, mai kayan ya ce na CB175 ne, da farantin birkinsa mai hannu biyu. Ya ce min ai duk 175 ne, ɗaurawa kawai zan yi. Ban biya ba tukuna. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan haɗin ya faɗa min gaskiya, zai hau ko ba zai hau ba?

Sarkin_Sifana:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Injinsu ne 'yan gida ɗaya, amma ƙafafunsu ba ɗaya ba ne. CB175 wilinsa inci 18, CD175 inci 17, na farko-farko ma masu karkataccen inji 16 ne. Kada ka biya sai ka je da naka wilin da shaf ɗinsa, wato ƙarfen da ke ratsa tsakiyarsa, kun ajiye su gefe da gefe.

YaronGareji04:
Zai hau mana Oga. Mu a garejinmu babu wilin da ba ma ɗaurawa. In ya yi faɗi a rage kola, ɗan bututun nan da ke cike rata a kan shaf, in ya yi siriri a ƙara washa, shi ke nan.

Sarkin_Sifana:
Yaro, hawa daban, tsayar da babur daban. Mutumin nan birki yake nema.

Malam_Lissafi:
Bari in ɗan sa baki a kan maganar inci, don mutane na tsorata da ita fiye da kima. Abin da ke taɓa ƙasa taya ce, ba rim ba. Taya 3.00-17 da CD ke ɗauka, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 584 ne. Taya 2.75-18 ta gaban CB kuwa kusan 597. Bambancin milimita 13 ke nan, kuma rabinsa ne kawai zai ɗaga gaban babur, wato 6 ko 7. In ma ka sa 2.50-18, tsayinta ya dawo daidai da 3.00-17. Don haka tuƙi ba zai canza sosai ba. Abin dubawa shi ne ratar da ke tsakanin taya da madigadi idan shokazoba ta nutse gaba ɗaya. A danna gaban babur har ƙarshe a gani.

BabanIlham:
Na gode Malam. To mita fa? Ina son allurar nan ta riƙa aiki, don Baba yana ji da ita.

Malam_Lissafi:
Mitocin baburan Japan yawancinsu ƙa'ida ɗaya suke bi: waya ta juya sau 1400 a minti, allura ta nuna kilomita 60. Giyar da ke jikin wili ita aka yanka daidai da girman tayarsa. In ka yi amfani da giyar da ta zo da wilin CB, ka sa masa tayar da aka yi shi da ita, mitarka za ta faɗi gaskiya. Sai dai ka duba bakin wayar, ko zai shiga ramin ya kama.

Alhaji_Roadmaster:
BabanIlham ɗana, duk lissafin nan yana da kyau, amma ba a taɓo abin da ke kashe mutum ba. Farantin birki dole akwai abin da ke riƙe shi kada ya bi taya ya juya. Iri biyu ne. Wani farantin tsaga gare shi, sai wani ɗan kunne da ke jikin ƙafar shokazoba ya shiga ciki ya zauna, kamar na CG125. Wani kuma sanda ake ɗaura masa da noti, ɗaya bakin sandar a ɗaure a jikin ƙafar shokazoba. In farantinka mai sanda ne, ƙafarka kuma mai kunne ce, to babu inda za su haɗu.

A idona aka yi. Wani maƙwabcinmu ya ɗora wa babur ɗinsa wilin da ba nasa ba, kunnen ya shiga tsagar rabi da rabi, bakanike ya ce noti zai riƙe. Kwana uku yana hawa lafiya. Ran na huɗu akuya ta gifta, ya damƙe birki da ƙarfi, faranti ya kuɓuce ya juya, waya ta nannaɗe a shaf, birkin ya ƙara damƙe kansa da kansa, taya ta tsaya cak. Ta saman kai ya wuce. Ƙashin wuyansa na nan kusa da kafaɗa ya karye, har ya rasu hannun nan bai koma daidai ba. Tun ranar nake cewa a fara duba nan kafin a duba komai.

UmmanSadiq:
Innalillahi. Alhaji wannan magana ta tayar min da hankali. Maigidana yana da tsohon C90 da yake kai yara makaranta, kuma na san an taɓa canza masa wilin gaba. Yau ɗin nan zan ce ya duba.

DanZinder:
Hajiya, C90 nasa tsarin daban ne, ki bari in yi miki bayani. Gabansa ba shokazoba mai shiga da fita ba ce, wasu gajerun hannuwa ne a ƙasa masu lilo, kuma a jikin hannun farantin birki yake kamawa. Shi ya sa in an taka birkin gaba sai ka ga gaban ya ɗago sama maimakon ya nutse. Roba-roba na yanzu kuwa shokazobar tsaye gare su. Duka inci 17 ne, shi ke rudar mutane, amma farantin wannan ba ya zama a wancan. Mu nan Zinder an sha kawo mana irin wannan aiki. Abin da muke yi, mu bar tsohon hob, wato cibiyar wili da sifok ke kamawa, da farantinsa, mu sayi sabon rim mu ɗinke a kai. Rim ne ke tsatsa, hob alminiyom ne, in bai tsage ba yana nan.

UmmanSadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nuna masa wannan.

YaronGareji04:
Mu mun taɓa sa wilin roba-roba a C70. Shaf ɗin C70 milimita 10 ne, boris ɗin wilin kuma na 12, sai Oganmu ya sa aka yanko siririn bututu aka zura. Yana nan yana yawo.

Sarkin_Sifana:
Bututun ba laifi ba ne in an yanka shi a inji, ya ratsa tun daga wannan gefe har wancan. Laifin shi ne masu naɗa gwangwanin madara a shaf. Amma tunda an zo maganar boris, ga abin da ya kamata kowa ya haddace. 6300 cikinsa 10, wajensa 35, kaurinsa 11. 6202 cikinsa 15, wajensa 35, kaurinsa 11. Kun ga waɗannan biyun gida ɗaya suke zama, shaf ne ya bambanta. 6201 kuwa 12 da 32 da 10. 6301 shi ne 12 da 37 da 12. 6302 kuma 15 da 42 da 13. Sau da yawa in shaf bai yi daidai ba, canjin boris kawai zai raba gardama. Sai dai kada a manta da kolar tsakiya, wadda ke cikin hob tsakanin boris biyu. In ka canza boris dole ita ma ta dace da sabon shaf, tsawonta kuma kada ya ragu ko kaɗan. Masu cire ta su yar, su ne boris ke mutu musu duk wata, don in ka ɗaure noti ƙarfin a kan ƙwallayen yake sauka.

DanZinder:
Gaskiya ne Oga. Mu rulma muke ce wa boris, amma lambobin duk duniya ɗaya ne. Ko a Katako ta Yamai ka ce 6301 za a miƙo maka.

Mai_Tarihi77:
Ni dai ra'ayina daban. BabanIlham, wannan babur gadon mahaifinka ne. CD175 kyansa a gan shi yadda ya fito, da rufaffiyar sarƙarsa, da faffaɗan madigadinsa, da tayoyinsa masu kauri gaba da baya iri ɗaya. Ka sa masa siririyar ƙafar CB a gaba, duk wanda ya san babur zai gane an yi masa dashe. An yi shekara goma sha biyu ana ƙera shi, daga 1967 zuwa 1979, kuma ya shigo ƙasar nan da yawa. Ka yi haƙuri ka nemi hob ɗinsa. Ka sa a duba maka Kofar Ruwa, ka yi magana da masu zuwa Nnewi. Za a samu.

Bature_Jos:
Mai_Tarihi, za a samu, amma a wane hali? Duk hob ɗin CD da za ka tono yau ya yi shekara arba'in da wani abu yana aiki. Na sayi guda uku kafin in sami wanda durom ɗinsa bai wuce iyaka ba. Kuma titin yau ba titin 1975 ba ne. Ga Adaidaita, ga masu buɗe ƙofar mota ba su duba ba. Ni ina bayan duk abin da zai ƙara birki.

BabanIlham:
Yaya ake gane durom ya wuce iyaka? Kuma mene ne ainihin amfanin hannu biyun nan? Mai kayan ya ce ya fi kamawa, bai dai yi min bayani ba.

Bature_Jos:
Ka goge cikin durom da kyau, galibi za ka ga an rubuta iyakar faɗinsa a jikin ƙarfen. Misali na C90 sabo milimita 110 ne, in ya kai 111 ya gama aiki. Milimita ɗaya tak. A auna da abin awo na masu injin yankan ƙarfe, a wurare uku ko huɗu, don wani durom ɗin ƙwai yake zama.

Maganar hannu biyu kuwa, a birki na kullum kam ɗaya ne, wato ɗan ƙarfen da waya ke juyawa, ke buɗe shu biyu masu matse cikin durom. Ɗaya shu ɗin juyin durom yana jan sa ciki yana ƙara masa kamu, ɗayan kuma juyin ture shi yake yi, don haka kusan rabin aiki yake. A mai hannu biyu kowane shu da nasa kam, an jera su yadda duka biyun juyin taya zai riƙa jan su ciki. Shi ya sa ya fi kamawa da ƙarfin hannu ɗaya. Aibinsa ɗaya, mu mutanen tudu mun san shi: in babur na komawa baya, duka biyun sun zama masu rauni. Ka tsaya a hawa ka riƙe birkin gaba, sai ka ji yana silalewa. Dole ka saba da taka na baya.

Sarkin_Sifana:
In ƙara a kan na Bature. Sandar da ta haɗa hannuwan biyu tana da zare, kuma in ba a saita ta ba shu ɗaya ne zai riƙa taɓawa, ka ga ka sayi wahala, birkin ya fi na da lalacewa. A kwance sandar, mutum ɗaya ya danna kowane hannu har shu ya kama, sannan a daidaita tsawonta ta shiga ba tare da an ja ko an tura ba.

Zango_Kumasi:
Salamu alaikum jama'a. Tambayar da ban ga an yi ba: shu ɗin CB175 ana samu a wajenku? Don ka sayi wili yau, shekara biyu shu ya ƙare, ka rasa na canji. Mu nan Suame Magazine, unguwar gareji ta Kumasi, akwai masu sa sabon laini, wato abin da ke gogar durom, a tsohon shu, su buga masa ribiti. Ina ganin Kaduna ma ba za a rasa ba wajen masu yi wa manyan motoci. Abin da nake gargaɗi, kada ka yarda da tsohon shu don ka ga lainin da kauri. Gam ɗin da ya riƙe shi yana mutuwa da shekaru, laini ya ɓalle a cikin durom ya cushe. Ka sa bakin sukundireba a gefensa ka ɗan taɓa, wani da kansa zai faɗo.

Nas_Hauwa:
Don Allah masu buɗe tsofaffin birki ku daina hure ƙurar da baki ko da iskar kwamfuresa. Lainin wancan zamani da asbestos ake yin sa, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, kuma cutar sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. A jiƙa tsumma a goge, a ƙulle shi a leda a zubar. Yaran gareji su suka fi ba ni tausayi, su ake ba wannan aikin.

YaronGareji04:
Wallahi Anti kullum da baki nake hurewa. Ban taɓa ji ba. Na daina daga yau.

Dattijo_BSA:
Kuna ta maganar Honda kun tuna min da namu zamanin. Mahaifina malamin gona ne a En'e, BSA yake hawa. Baburan Ingila ba sa haɗa komai da na Japan. Sifok ɗinsu yawanci 40 ne, na Japan 36, don haka rim ɗin wannan ba ya ɗinkuwa a hob ɗin wancan. Notinsu ma na inci ne, sifanar milimita cinye musu kai take yi. Giya a ƙafar dama, birki a hagu. Amma tsakanin BSA da Triumph ana musanya sosai, don BSA ta sayi Triumph tun 1951, daga baya har birkin gaba iri ɗaya suke sa musu. Turawan ma da kansu suna ɗauko birki mai hannu biyu na 1968 zuwa sama su sa wa tsofaffin nasu. Don haka Mai_Tarihi, wannan dashen ba yau aka fara ba.

Mai_Tarihi77:
Ranka ya daɗe na yarda an daɗe ana yi. Amma mai yin hakan yana ajiye na asalin a ɗaki. Mu nan sai a sayar wa 'yan gwangwan a narke. BabanIlham, duk abin da ka yanke, kada ka rabu da tsohon wilin.

Sarkin_Sifana:
Akwai hanyar da za ta raba ku. Ya sayi wilin CB, a warware shi, a ɗinke hob ɗin a rim mai inci 17. Duka ramuka 36 ne. Ya sami birkin, babur kuma bai canza kama ba, tayarsa 3.00-17 tana nan. Sai dai sifok ɗin CB za su yi tsawo, na CD kuma ba lallai su kai daidai ba tunda faɗin hob ya bambanta, sai an nemo na tsakani. A kuma duba yadda ramukan rim suka karkata, in sifok yana lanƙwasa a bakin noti to zai riƙa tsinkewa. Kuma in za a gyara cikin durom a inji, a bari sai an gama ɗinki, domin jan sifok yana ɗan murɗa shi.

Malam_Lissafi:
Da sharaɗi ɗaya Oga: in an mayar da shi 17 da taya 3.00, giyar mitar ta 18 ce, allura za ta ƙara kusan kashi 2 cikin ɗari a kan yadda take. Kana 60 ta nuna 61. Ba abin damuwa ba ne.

Ga kuma wata dabara ga masu neman kaya. Lambar kayan Honda kashi uku ce, kuma ukun tsakiya suna nuna babur ɗin da aka fara ƙera abin dominsa, misali 300 na CB750 ne, 354 na CB200. Lambobi biyun farko na kashin farko kuma suna nuna sashe: 44 wilin gaba, 45 birkin gaba, 42 wilin baya, 43 birkin baya. In ka buɗe littafin kayan babura biyu a intanet ka ga lamba ɗaya a duka, to abu ɗaya ne, ba sai ka yi gardama da kowa ba.

Alhaji_Roadmaster:
Littafi yana faɗin yadda babur ya fito daga kamfani ne. Wanda ya shekara hamsin a hannun bakanikanmu fa? BabanIlham, ka tabbata gaban da ke jikin babur ɗin nan nasa ne?

BabanIlham:
Alhaji kamar ka sani. Bayan na karanta maganarka na kira ƙanin Baba. Ya ce wajen 1986 Baba ya yi karo da amalanke a hanyar Zariya, ƙafafun gaba suka lanƙwashe, aka ciro na Roadmaster aka sa, har da wilin. Ashe shekara da shekaru abin da muke kallo ba na CD175 ba ne. Ni ina yaro lokacin, ban sani ba.

Bature_Jos:
To magana ta canza. In gaban Roadmaster ne, hob ɗinsa ya fi sauƙin samu nesa ba kusa ba, don ya fi CD175 ƙuruciya. Na Roadmaster CD200 durom ɗin gaba milimita 140 ne. Ka auna naka ka gani. Kuma birkin nan in an gyara shi da kyau ba ya ba da kunya: sabuwar waya mai kauri, a wanke kam a shafa masa giris kaɗan, a shafa alli a laini a juya a ga inda yake taɓawa a goge da samfefa har ya taɓa ko'ina. Hannun kam kada ya wuce kusurwar tsaye, wato digiri 90, da waya idan an matse. Sannan ka riƙe birki a matse lokacin da kake ɗaure notin shaf, faranti ya zauna a tsakiya.

Mai_Tarihi77:
Ni kuma yanzu sai in ce a nemo cikakken gaban CD175 a mayar masa da abinsa.

Dattijo_BSA:
A'a Mai_Tarihi. Da wannan gaban mahaifinsa ya hau shi shekara ashirin. Shi ne babur ɗin da yaran gidan suka sani.

YaronGareji04:
To wilin CB ɗin fa Oga? In ba ka so ka faɗa min layin da yake, akwai mai nema.

BabanIlham:
Ban fasa ba tukuna. Na ciro wilina na duba yadda Alhaji ya ce, nawa mai tsaga da kunne ne. Na Fanteka ban lura ba ranar, hankalina na kan hannu biyun. Gobe Asabar zan tafi da wilin da shaf da ƙafar shokazoba ɗaya a buhu, mu gwada a gaban mai kayan. In na sanda ne, Sarkin_Sifana akwai yadda za a yi masa maɗauri ba tare da an yi walda a jikin ƙafar ba?

Sarkin_Sifana:
Akwai masu yin ƙarfe mai kauri su kama shi a ramukan notin madigadi, amma ni ba na yi, ramukan nan ba don ɗaukar ƙarfin birki aka yi su ba. Ka ɗauko hoton ƙafar ta ciki da ta waje, da na bayan farantin, ka auna min ratar da ke tsakanin ƙafafun biyu a wajen shaf. Ka turo kafin ka ba shi ko sisi.

Alhaji_Roadmaster:
Ka kuma tambaye shi ko yana da ƙafafun CB ɗin. Wanda ya kwance wili, wataƙila sauran gaban yana ƙarƙashin tarin.